Fatar roba mai jin taɓi: garin kabon ko faranti biyu?

Ɗaliban injiniya na Samaru sun sha tambayata wadda za su zaɓa.

Ta farko, a cuɗa garin kabon cikin robar silikon mai laushi. Da an danna, ƙwayoyin su matso juna, lantarki ya ƙara wucewa. Ga araha, Arduino, ƙaramin allon kwamfuta da ɗalibai ke aiki da shi, ma na karanta ta. Sai dai bayan dannawa ba ta komawa daidai nan take, zafin bazarar Zariya kuma na karkatar da awonta.

Ta biyu, silikon tsakanin faranti biyu masu ɗaukar lantarki; da an danna, su matso juna, cajin da suke iya riƙewa ya ƙaru. Awonta ya fi tsayawa, ba ta cin batir sosai, amma danshin damina na rikita ta, haɗinta kuma sai gwani.

Mai aikin kammala digiri da ƙaramin aljihu, ta farko ta ishe shi. Mai ƙera hannun roba da majinyaci zai daɗe da shi, gara ya jure wahalar ta biyu.