Daga Duwala zuwa Limbe: ɗauki motar da direban, masauki kuwa nemi naka

In mutum ya tambaye ni ko ya sayi irin tsarin nan na mota da direba da masauki a dunƙule don zuwa Limbe, garin bakin teku a Kamaru, zan ce masa ya raba cinikin biyu. Motar da direban sun ci kuɗinsu har da ƙari. Masaukin da kamfanin ya zaɓa mana kuwa, da na san haka yake da ban yarda an saka shi cikin lissafi ba.

Mun je Duwala ne da iyali, ziyara wajen yayana da ya daɗe yana kasuwanci a can. Matarsa ce ta ce bai kamata yara su zo har Kamaru su koma Kano ba su ga teku da idonsu ba, domin Duwala a bakin kogin Wuri take, ruwan da ake gani a gari ba shi ne tekun da ake faɗa ba. Ita ta haɗa mu da wani ƙaramin kamfanin yawon buɗe ido. Komai ta WhatsApp aka yi: suka turo hotunan ɗaki mai taga tana kallon ruwa, da jerin wuraren da za a kai mu, da alkawarin karin kumallo. Muka biya rabi, sauran sai an dawo. Wannan sharaɗin na rabi yayana ne ya dage a kai, kuma daga baya ya yi mana rana.

Matsala ta farko tun kafin mu tashi ta fito. Ofishin ya rubuta mana dawowa ranar Litinin. Da direban ya zo ɗaukar mu ya duba takardar, sai ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, wanda ya rubuta wannan bai san hanya ba. Litinin ba a tuƙi a can." Tun da rikicin yankin masu magana da Ingilishi ya ɓarke a ƙarshen 2016, 'yan aware suka mayar da Litinin ranar zaman gida a jihohin Kudu maso Yamma da Arewa maso Yamma. Limbe tana cikin garuruwan da abin ya yi wa sauƙi, amma hanyar zuwa can ta ratsa wuraren da ba a wasa da wannan doka. Nan take ya kira ofishin, suka yi ta ce-ce-ku-ce da Faransanci, aka mayar da dawowar Lahadi da yamma. Kamfanin da ke sayar da tafiya zuwa wannan yanki bai kamata direbansa ne zai tuna masa wannan ba.

Direban ɗan Garwa ne, matashi, yana jin Hausa da Fulatanci, yana kuma juya Faransanci da Turancin buroka yadda yake so. Wannan kaɗai ya isa dalilin ɗaukar sa. Tsakanin Duwala da Limbe kusan kilomita 70 ne, amma kar lissafin kilomita ya yaudare ka. Fita daga gari ta gadar Bonaberi kawai na iya cin lokacin da ya fi na sauran hanyar, shi ya sa ya ce mu yi sallar asuba mu kama hanya. Da aka ƙetare gadar kogin Mungo an shiga jihar Kudu maso Yamma, daga nan shingayen jami'an tsaro suke ƙaruwa, harshe ma ya canza. A kowane shinge shi ke sauke gilashi ya yi gaisuwa, ya miƙa takardu a jere yadda ya tsara su tun daga gida: fasfo, katin rigakafin shawara, takardun yara. Ba inda aka riƙe mu fiye da kima. Ni da Faransancina bai wuce na gaisuwa ba, na san da ni kaɗai ne da labari ya sha bamban.

Hanyar kanta abin kallo ce ga wanda ya taso a Arewa. Daga wajajen Tiko gonakin roba da ayaba da kwakwar manja ne a jere, layi-layi, iya ganinka. Na CDC ne, hukumar gonaki ta gwamnatin Kamaru, wadda aka kafa a 1947 ta gaji gonakin da Jamusawa suka bari, kuma hedkwatarta tana Bota, cikin Limbe. A Mutengene hanya ta rabu, ɗaya ta hau sama zuwa Buea, ɗaya ta gangara bakin teku. Mu muka gangara.

Akwai wani abu game da Limbe da ya kamata ɗan Nijeriya ya sani, don na ga yara sun yi mamakin jin mutane na Turancin buroka irin na Kalaba. Wani mai wa'azin Kirista ɗan Ingila, Alfred Saker, shi ya kafa garin a 1858 ya sa masa suna Victoria, kuma da wannan sunan ya zauna har 1982. Bayan yaƙin duniya na farko Ingila ta karɓi wannan ɓangaren daga hannun Jamus ta haɗa mulkinsa da na Nijeriya. Sai a ƙuri'ar raba-gardama ta 1961 kudancin ya zaɓi Kamaru, arewacin kuma ya zaɓi Nijeriya ya zama lardin Sardauna. Wato da ƙuri'ar kudancin ta juya, da Limbe da Mubi ƙasa ɗaya suke.

Yanzu ga masauki. Hoton da aka turo mana ba ƙarya ba ne, ɗakin yana nan, na leƙa shi da idona, amma wasu ne a ciki. Mu aka ba mu na baya, taga tana kallon janareta. Wannan ma da sauƙi. Abin da ya fi damun uwargida shi ne danshi. Gari ne da ruwan sama ba ya ɗaga masa ƙafa, kuma ɗakin da ba a buɗe shi ya sha iska sai ya riƙa warin ruma. Zanin gado a wanke yake amma da sanyi-sanyi in ka taɓa, bangon banɗaki ya yi baƙi a kusurwa, tawul kuwa ba ya bushewa. Na'urar sanyaya ɗaki tana aiki in akwai wuta, in an koma janareta sai fanka. Ba buta a banɗaki, sai da muka yanke gorar ruwa. Da dare kuma akwai mashaya a harabar, kiɗa har tsakar dare, alhali mun faɗa musu tun farko da ƙananan yara za mu zo. Ma'aikatan ba su da laifi a fuska, akwai fara'a, wata dattijuwa mai shara ma da ta ga muna neman alƙibla ita ta kira mai gadi, wani Bafulatani, ya nuna mana. Amma fara'a ba ta busar da katifa. Karin kumallon burodi ne da ƙwai da shayi, ba yabo ba fallasa.

Da asuba direban ya ƙwanƙwasa ƙofa. "Alhaji, ku fito da yaran yanzu, in rana ta ɗaga ba za ku gan shi ba." Dutsen yake nufi. Tun isowarmu muke jin ana cewa garin a gindin Dutsen Kamaru yake, mu kuwa ban da gajimare ba abin da muka gani. Da muka fito bakin titi sai ga shi ya cika rabin sama. Tsayinsa ya haura mita 4,000, babu wanda ya kai shi a duk yammacin Afirka, kuma daga bakin ruwa yake tashi kai tsaye, shi ya sa girman nasa yake da ban tsoro. Kusa da gari akwai ƙaraminsa mai tsini, Etinde, lulluɓe da daji. In ka juya baya kuma teku ne, da 'yan tsibirai masu duwatsu a cikin mashigin Ambas. Kafin mu gama shan shayi hazo ya sake rufe komai. Wannan sanin lokacin ba ya cikin takardar kamfani, a kan direban yake.

A wuraren da aka kai mu, cibiyar kula da namun daji ce ta fi tsaya min a rai. Tun 1993 take aiki, haɗin gwiwa tsakanin gwamnatin Kamaru da wata ƙungiya mai suna Pandrillus. Ba gidan zu ba ne irin wanda muka saba, inda ake sayo dabba a kulle don kallo. Yawancin birran da ke nan marayu ne da aka ƙwato daga hannun mafarauta da masu fataucinsu, an kashe iyayen don nama an ɗauko 'ya'yan don sayarwa. Akwai goggon biri, akwai cimfanzi, akwai wani mai baƙar fuska da ake kira dril wanda ba a samunsa sai a dazukan kudu maso gabashin Nijeriya da wannan yanki na Kamaru da tsibirin Bioko. Mun daɗe gaban wani ƙaton goggon biri mai furfurar baya. Yana zaune ya jingina, ya ɗauki reshe yana zare ganyen ɗaya bayan ɗaya da 'yan yatsu, a natse, ba ya ko kallonmu. Autarmu ta yi ta ɗaga masa hannu, can sai ya ɗago ido ya dube ta sau ɗaya ya koma kan reshensa. Yarinyar ta ruƙunƙume ƙafar uwarta ta ce, "Umma, mutum ne a ciki?" Kuɗin shiga na baƙo ya fi na ɗan ƙasa, kuma kamfanin bai saka shi cikin farashi ba, don haka ka riƙe 'yan sefa a aljihu.

Lambun itatuwa da ke kusa, wanda Jamusawa suka kafa a 1892 don gwajin koko da roba da kofi, wuri ne mai inuwa da tsofaffin bishiyoyi, kogi na ratsa shi. Ya dace da shimfiɗa tabarma a huta, amma alamun rashin kulawa sun bayyana, kuma yara sun gaji da shi da wuri.

Cin kifi a Down Beach, bakin tekun da ke cikin garin, shi ne abin da ba zan yarda kowa ya tsallake ba. Yashin wurin baƙi ne wuluk kamar garin gawayi, saboda daga Dutsen Kamaru, wanda mai aman wuta ne, ya samo asali, kuma jiragen masunta na katako suna jere a kansa. Mata ne ke gashin, kowacce da murhunta. Kai za ka zaɓi ɗanyen kifinka a faranti, a yi ciniki kafin ya hau wuta. Kar ka bari sai an gasa ka tambayi kuɗi. Direban ya duba cikin kunnen kifin ya ga ja ne, ya danna jikinsa da yatsa, sannan ya ce wannan na yau ne. Matar ta tsattsaga shi, ta cusa masa wani koren haɗi na tafarnuwa da citta da kayan ƙamshinsu, tana gasawa tana shafa mai da ɗan goga. Aka kawo da soyayyar filanten da miyondo, rogo ne da ake jiƙawa a niƙa a naɗe siriri cikin ganye a dafa, yana da ɗan tsami da danƙo. Yajin da ke gefe kuwa a yi hattara da shi, uwargida da ke ganin ta iya cin yaji sai da ta nemi ruwa. Shawarata ga mai iyali ita ce ya je tsakanin la'asar da magariba. In dare ya yi wurin ya koma na masu shan giya da kiɗa. Wanda kuma yake marmarin nama, masu suya 'yan Arewa suna nan a cikin gari, ka yi sallama da Hausa a amsa maka, su ne ma suka kwatanta mana masallaci.

Ba a wanka a Down Beach, ruwan ba shi da tsabtar haka. Don wanka sai an bi hanyar Idenau zuwa yamma, a wuce matatar mai ta SONARA wadda gobara ta ci a 2019. A kan wannan hanyar, kusa da ƙauyen Bakingili, akwai inda narkakken dutsen da ya malalo a aman wutar 1999 ya sauko ya datse titi ya tsaya kafin ya kai teku. Yana nan har yau, tudu guda na baƙaƙen duwatsu masu kaushi, titin ma kewaye shi aka yi. Mun hau, kuma takalmin soso bai dace da wurin ba, duwatsun suna yanka. Bakin ruwan da ke wajen ya fi tsabta, sai dai igiyar tana da ƙarfi, ban bar yara sun wuce gwiwa ba. Gaba kaɗan akwai Debundscha, inda ruwan sama ke kai kimanin milimita 10,000 a shekara, wato abin da Kano ke samu a shekara goma ko fiye. Wannan ya isa ya gaya maka lokacin zuwa: daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Yuli da Agusta kuɗinka kawai za ka zubar.

Cikin jerin da aka sayar mana akwai Bimbia, tsohuwar tashar da aka riƙa lodin bayi zuwa ƙetare, kuma ita na fi ɗokin gani. Ba mu je ba. Direban ya faɗa min gaskiya cewa hanyar ta fi ƙarfin ƙaramar motar da aka ba shi, sai mai ƙarfi wadda ke ja da ƙafa huɗu, kuma ofishin ya san haka tun kafin ya rubuta. Na ji daɗin da bai kai mu rabin hanya mun maƙale ba, amma sayar da abin da ka san ba za ka iya kaiwa ba, wannan ba ciniki ba ne.

Da muka koma Duwala yayana ya zaunar da mai kamfanin a shagonsa, ya lissafa masa ɗakin da aka canza, da Bimbia, da zancen Litinin. Mutumin ya fara da cewa ai haka harkar take, yaya ya ce masa to haka ma biyan sauran kuɗin yake. A ƙarshe aka zaftare wani abu daga ragowar, ya karɓa yana gunaguni. Direban kuwa na sallame shi daban, hannu da hannu, na kuma karɓi lambarsa, don ya ce ranakun da ba ya aikin kamfani yana iya samo mota mai ja da ƙafa huɗu.