Wane littafin Eberron za ka saya idan Mournland ce ta ɗauke maka hankali?

Duk wanda ya taɓa jan ragamar wasan Dungeons & Dragons a Eberron, ɗaya daga cikin ƙagaggun duniyoyin wannan wasan labari na tebur, ya san inda gardama take tashi: sai an zo kan Mournland. A ranar 20 ga watan Olarune na shekarar 994, a kalandar wannan duniya, wani hazo mai launin toka ya lulluɓe ƙasar Cyre, ya tsaya cak a kan iyakarta kamar an ja masa layi. Kufan da ya bari shi ake kira Mournland, bala'in kuma Mourning. Mutum fiye da miliyan ɗaya suka hallaka a yini guda. Gawarwaki na nan kwance ba su ruɓe ba, sihirin da aka yi yaƙi da shi ya zama abu mai rai yana yawo a fili. Tsoron abin ne ya sa sauran ƙasashen, da suka shafe shekara ɗari suna yaƙar juna, suka ajiye makamai a yarjejeniyar Thronehold ta 996. To me ya jawo shi?

Kafin ka fitar da ko sisi, ka sani babu littafin hukuma da ya amsa wannan tambaya. Keith Baker, wanda ya ƙirƙiri Eberron ya kuma ci gasar da kamfanin Wizards of the Coast, mai buga wasan, ya buɗe a 2002, ya sha faɗa cewa da gangan aka bar ƙofar a buɗe domin kowane mai jan wasa ya yanke tasa amsar. Saboda haka abin da kake saye kayan hasashe ne, kuma da wannan mudu nake auna littattafan.

Ni dai Eberron: Rising from the Last War na 2019 nake riƙe da shi, kuma shi nake miƙa wa duk wanda ya tambaye ni. Na bugu na biyar na wasan ne, dokokin da yawancinmu muke wasa da su, ba sai ka zauna sauya lissafin dodanni ba. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya shimfiɗa zarge-zargen ya ja baya. Ko yawan sihirin yaƙi na shekara ɗari ne ya fashe wa ƙasar. Ko wani ɓoyayyen makami ne ya kuɓuce, wanda nan take hankali zai koma kan gidan Cannith, masu ƙera sojojin ƙarfe da itace da ake kira warforged. Ko kuwa wani tsohon shaiɗani ne da aka ɗaure tun zamanin da ya motsa. Kowanne ka zaɓa, littafin ya ba ka wuri da mutanen da za ka rataya shi a kansu: kufan Metrol babban birnin sarauniya Dannel, da Lord of Blades mai tara warforged a cikin hazon, da yarima Oargev na Cyre da ke zaman gudun hijira a garin New Cyre yana neman wanda ya kashe masa ƙasa. A teburinmu wata takwas muka yi a kan zargin Cannith kaɗai. Daren da wata 'yar wasanmu ta ɗago kai daga takardarta ta ce, «Ashe kenan kakan jarumata ne ya kunna abin», kowa ya yi tsit, shayi ya huce a kofuna. Littafin bai rubuta wannan ba, amma shi ya ba mu fili.

Eberron Campaign Setting na 2004 shi ne tushe, kuma a cikinsa ne dokar nan mai zafi take, cewa sihirin warkarwa ba ya aiki a Mournland. Sai dai dokokinsa sun tsufa. Five Nations na 2005 na masu son tarihin ƙasashen ne. Exploring Eberron na Baker, na 2020, yana nuna Cyre kafin bala'in, amma littafin ƙari ne, kada ka fara da shi.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe ido. Shekarun baya wani mai sayarwa a intanet ya nuna mini hoton littafin da nake yabo ɗin nan, a kan rabin kuɗinsa. A kasuwa dala 49.95 aka sa masa lokacin da ya fito, kuma kowa ya san yadda kuɗin aikowa zuwa Najeriya yake ninka abu, sai na yi murna na tura. Abin da ya iso hannuna bugun inji ne na bayan gida. Bangon yana da tauri, amma takardar ciki sirara ce har rubutun baya yana leƙowa, taswirar nahiyar Khorvaire, inda Cyre take, ta dushe har ba a karanta sunayen garuruwa, kuma cikin sati biyu shafuka suka fara zubewa daga gam. Na kira lambar, a kashe.

Don haka ka nemi bidiyon littafin a buɗe, kada ka yarda da hoton bango. Ka ce a haska maka ƙananan rubutun taswira, nan ne jabu yake tona kansa. Ka duba lambar ISBN ka gwada ta da ta shafin kamfanin. Araha mai yawa ba ta ado. Idan kuɗin aikowa ya fi ƙarfinka, ka sayi na kwamfuta a shafin D&D Beyond, tsofaffin kuma da na Baker suna shafin DMs Guild.

Sai masu tallan fayil a zaurukan WhatsApp da Telegram, wai «ainihin sirrin Mourning da kamfani ya ɓoye». Ƙarya ce tsagwaronta. Hasashen masoya abu ne mai kyau, ni ma ina karantawa ina tsinta, amma mai gaskiya yana rubuta sunansa ya ce ra'ayinsa ne. Wanda ya manna tambarin kamfani a kan hasashensa ya ce ka biya, ka tambaye shi shekarar bugu da lambar shafi, ka jira amsarsa kafin ka taɓa asusunka.