Bismut ko ɗigon zaiba wajen auna darma a naman kifi

Malama, kin tambaya wanne ya fi wajen auna darma a naman kifi da na'urar lantarki, sanda mai rufin bismut ko ɗigon zaiba. Ki ɗauki bismut. Tunda darma da kadmiyom kike nema a kifin tafkin Madarunfa, ya ishe ki.

Namu kayan awon sandar kabon ce mai santsin gilashi, faɗin bakinta milimita 3, da ƙaramin potansiyosta (na'urar da ke saita ƙarfin wutar sandar tana auna ta) mai jan wuta daga kwamfuta mai batir. Ko an ɗauke kuran ana tsakar awo, bai fasa aiki. Za ki goge bakin sandar da garin alumina, ki tsoma ta a ruwan asetat 0.1 M mai pH 4.5, ki ɗiga bismut kamar mikrogram 500 a lita. Ki riƙe a −1.2 V daƙiƙa 120 ana motsa ruwan don ƙarafan su taru a bakin sandar, sannan ki tayar da ƙarfin wutar su sake narkewa. A zanen da na'urar ke fitarwa, tsinin kadmiyom yana fitowa wajen −0.8 V, na darma wajen −0.55 V. Ba sai kin kori iskar oksijin ba.

Ɗigon zaiba kuwa, gaskiya ya fi kyau in da tagulla a lissafin, don tsininta yana cakuɗewa da na bismut. Bayan wannan sai wahala: tukunyar naitirojin ta korar oksijin, tsada, ga guba da ba ki da inda za ki zubar.

Inda ake faɗuwa shi ne narkar da naman. Giram 1 na tsoka, asid naitirik mililita 5 da feroksid mililita 2, a dafa har ruwan ya yi garau. In da sauran rawaya ko maiƙo a sama, zai liƙe bakin sandar, tsinin ya dinga raguwa. Iyakar Codex (ƙa'idojin abinci na duniya) ta darma a kifi miligiram 0.3 ce a kilo. In kin cika ruwan giram ɗayan nan zuwa mililita 25, mikrogram 12 ke nan a lita. Ƙurar hunturu kaɗai za ta iya ɓata irin wannan awo, don haka ki rufe kofuna, ki jiƙa su a asid tun dare, kuma ki dafa kofi ɗaya ba nama. Ki ƙara darmar da kika san yawanta sau uku cikin samfurin kansa, kada ki gwada da ruwa zalla.

Ki kula da dillalai. Wasu suna ɗura asid ɗin masana'anta a kwalbar mai tsabta, shi kansa da darma a ciki. Ki duba hatimin murfi, ki auna shi kafin ki biya. Sandar ma'auni ta Ag/AgCl kuma, wadda ake gwada ƙarfin wutar da ita, in ta zo a bushe, ba ruwan KCl a ciki, ki mayar masa da abinsa.