Kafin ki zuba kuɗi a sabon littafin marubuciyar da kike so

Na ɗaya da na biyu da na uku, ɗaure da kyauro, haka na kwaso su a Babbar Kasuwar Sakkwato ban ko buɗe shafi ba. Sunan da ke jikin bango ya ishe ni shaida, don tun ina 'yar sakandare nake ɓoye littattafan baiwar Allahn nan a cikin littafin lissafi. Mai shagon ma cewa ya yi, "Hajiya, wanga ya hi na baya duka."

Kafin shafi na 40 na ƙirga sunaye 19, ciki har da A'isha biyu. Wata gwaggo da aka yi wa sadakar uku a babi na 3, sai ga ta tana tuƙa tuwo a babi na 7, babu abin da ya nuna waiwaye ake yi. Na koma baya har sau biyu ina zargin kaina. Ashe zaren ne ya kuɓuce wa mai shi. Littafi mai zurfi daban, idan kin sake bi sai ki ga kowane ƙulli da inda aka warware shi. Wannan kuwa tukunya ce da aka watsa wa kowane irin kayan miya.

Sayen labari gaba ɗaya a takarda yana da daɗinsa. Ba ruwanki da caji ko data, ranar da aka ɗauke wuta cikin zafin Afrilu sai ki shimfiɗa tabarma a tsakar gida ki ci gaba. Amma abin da ya fita shago ba ya komawa. Kuma ki san yadda sana'ar take. Littattafan farko da suka fito daga gasar da Hukumar Fassara ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East, da waɗanda kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ya riƙa bugawa daga baya, sai sun bi ta hannun edita. Adabin kasuwar Kano da ya bunƙasa daga tsakiyar shekarun 1980 kuwa, galibi marubuci shi ke buga abinsa da kuɗinsa, ya raba labarin kashi-kashi, ya tsayar da na ɗaya daidai inda rai zai rataya. To idan suna ya yi girma, wa zai iya duban idonta ya ce babin nan bai zauna ba? Sunan da ya ja ni, shi ne ya hana a yi mata gyara.

Haya ta fi komai sauƙi, duk da masu ba da ita sun ragu. Idan akwai mai yi a unguwarku, ko Mabera ko Runjin Sambo, ki ce ta fito miki da duka kashin ki duba jikinsu. Na ɗaya ya sha hannu, bango ya yage, ga ɗigon manja, na uku kuma fes kamar yau aka buga shi? Mutane sun gudu a hanya ke nan. Wannan shaidar ta fi bakin kowane mai talla gaskiya.

Na waya kuma, wato na WhatsApp da Wattpad da ArewaBooks, ana fara ba ki shafukan ɗanɗano kyauta, sannan a ce ki tura kuɗi a sa ki a guruf. Ɗanɗanon nan shi ake yi wa kwalliya. Da yawa kullum ake rubutawa ana sakewa, masu karatu na cewa a kashe wance, a aurar da wane, marubuciya na biye musu, har labari ya manta inda ya dosa. Tambaya ɗaya za ki yi kafin ki biya: an kammala? In ba a kammala ba, ki jira. Ki kuma tuna abin da ke cikin manhaja ba ya cikin akwatinki. Manhajar littattafai ta OkadaBooks ta rufe a 2023.

Na sauraro a YouTube ya dace da mai aikin gida, sai dai ga labari mai ruɗani ƙarin ciwon kai ne, tun da ba shafin da za ki juya ki duba wace A'ishar ake nufi.

Ni yanzu haya nake farawa da ita. In ban samu ba, na ɗaya kaɗai nake saye, kuma a nan gaban shago nake buɗe tsakiyarsa in karanta shafi biyu a tsaye, mai shago yana harara. In na gane wa ke magana da wa, in ciro kuɗi.

Na ukun nan har yau ban buɗe shi ba. Ƙanwata ta ara, bayan kwana biyu ta aiko yaro da shi, wai a tambaye ni ko gwaggon nan tagwaye ce.