Hita mai tanki ko ta nan-take: amsa ga Hajiya

Hajiya, kin ce hitarki mai tanki ta lita 30 ta fara yoyo, mai gyara kuma ya ce ki koma ƙaramar nan mara tanki mai dumama ruwa nan take, wai ba ta cin yunit. Na yi amfani da duka biyun a gidana, ga abin da na gani.

Maganar yunit tukuna. Ɗaga zafin ruwa lita 30 daga digiri 20 zuwa 60 yana cin wajen yunit 1.4, ko wace iri ce ta dafa shi. Inda mai tanki ke asara shi ne a bar ta a kunne dare da rana, tana hucewa tana sake kamawa. In kin kunna ta awa ɗaya kafin wanka kika kashe, bambancin bai taka kara ya karya ba.

Rabuwarsu ta gaske tana wajen jan wuta. Mai tanki yawanci wat 1200 zuwa 1500 ce, a hankali take sha, janareta matsakaici ma yana ɗaukarta. Ita kuwa nan-take so take a ba ta komai lokaci guda. Mai wat 5500 tana jan amfiya kusan 24, kamar ki jona dutsen guga biyar tare. Dole a jawo mata wayarta mai kauri tun daga akwatin wuta, da bireka tata, da wayar ƙasa, da na'urar da ke yanke wuta in ta zubo cikin ruwa. Don Allah kada ki yarda a jona ta a tsohuwar wayar hitarki, rai ne a tsakiya. Kuɗin wannan aikin ma ki sa shi cikin lissafi.

Hunturu ne ya nuna mini iyakarta. Wat 5500 ɗin nan, in ruwa na zuba lita huɗu a minti, digiri 20 kawai take ƙara masa. Ruwan da ya kwana a tankin sama da asubar Janairu sai ya fito ɗumi-ɗumi. Ranar da wuta ta zo ba ƙarfi, bolt 180 maimakon 230, kusan kashi 40 cikin ɗari na ƙarfinta ya tafi. Na riƙa rage famfo har ruwan ya koma kamar zare don yaro ya samu ɗumi, da ya yi ƙanƙanta kuma sai ta mutu, domin ba ta tashi sai ruwa na gudu da ƙarfi. Gidan da tankinsa bai fi mita uku sama da shawa ba, sai an nemi mai ɗan injin turo ruwa a ciki.

Mai tanki kuwa ajiya take yi. A kawo wuta ƙarfe biyun dare a ɗauke ƙarfe huɗu, da asuba yara za su yi wankan makaranta da ruwan zafi. Nan-take in an ɗauke wuta kina tsakiyar wanka, shi ke nan.

Ba zan rage mata haƙƙinta ba: ba ta cin wuri, ba jira, kuma mutum shida su shiga bi da bi ruwan zafi ba ya ƙarewa, alhali lita 30 mutum biyu ko uku sun shanye ta. Farin gishirin ruwan bohol yana damun duka biyun, amma ƙananan hanyoyin cikin nan-take sun fi saurin toshewa. Akwai mai aiki da gas, ita ba ruwanta da NEPA, sai dai ba a kafa ta cikin banɗaki, hayaƙinta da ba a gani ba a jin warinsa yana kisa.

In layinku Band A ne, wato wanda aka yi wa alkawarin wuta awa 20 a rana, kuna kuma samunta da gaske, ruwa kuma na da ƙarfi, ki sayi nan-take ɗin. In ba haka ba, ni dai mai tanki ta lita 50 zan sa. Kafin nan ki sa a duba inda yoyon yake. In daga ɗan bawul ɗin da ke bututun ruwan sanyi ne yake ɗiga lokacin da ruwa ke zafi, aikinsa ke nan, in ya yi yawa shi kaɗai za a canja. In jikin tankin ne ya yi tsatsa ya huje, to ta gama.