Fim ɗin 'yan sanda mai dogon zango ko fim guda mai ƙaramin kuɗi: wanne za ku fara da shi?

Ƙanena, na karanta tambayarka. Ka ce kai da abokanka kun haɗa 'yan kuɗaɗe, an ara muku kyamara, kuna son ku yi labarin aikata laifi a nan Jos, amma kanku ya rabu. Wasunku na son mai dogon zango irin na 'yan sandan ciki da ake saki mako-mako, wasu kuma na son fim guda ɗaya wanda zai sa zuciyar mai kallo dukan uku-uku tun daga farko har ƙarshe. Ka nemi a bayyana maka ƙarfin kowanne da rauninsa. Ni dai na karkata ga fim guda, amma ba don na raina ɗayan ba, don haka bari in fara da ba shi haƙƙinsa.

Babban abin da mai dogon zango ya mallaka shi ne lokaci, kuma lokaci ne ke haifar da sabo. Ka tuna CID na Indiya, wanda ya fara a 1998 ya yi shekara 20 yana tafiya, ya haura kashi 1,500 kafin a dakatar da shi a 2018. Duk wanda ya bi shi ya san wane jami'i ne zai ɓalle ƙofa, wanne ne zai ɗaga yatsa ya ce akwai lauje cikin naɗi. Yara a gidajenmu sun haddace su. Labarin mako ɗaya na iya zama shirme, amma za a dawo mako na gaba saboda mutanen sun zama 'yan gida. Law & Order na Amurka, da ya fara a 1990, ya gina kansa ne kan tsari guda da ba ya canzawa: rabin farko bincike, rabi na biyu kotu. Columbo kuwa yakan nuna maka wanda ya yi kisan tun a mintunan farko, sai ka zauna kana kallon yadda wani jami'i mai yamutsattsen kwat zai bi shi da 'yan tambayoyi har ya kama kansa da bakinsa. Wannan sabon, fim ɗin minti 90 ba zai taɓa samun irinsa ba.

Akwai kuma abin da ya fi sabo daraja, wanda ba kowane shiri ne ke kai wa gare shi ba. Idan marubuci ya san abin da yake yi, dogon zango na ba shi damar ya nuna cewa laifi ba aikin mutum ɗaya ba ne. The Wire shi ne misalin da ba na gajiya da kawowa. An nuna shi daga 2002 zuwa 2008, kashi 60 a zango biyar, duk a birnin Baltimore na Amurka. Zangon farko ya tsaya kan masu sayar da ƙwaya da 'yan sandan da ke sauraron wayoyinsu, na biyu ya koma tashar jiragen ruwa, na uku ya shiga siyasar birni, na huɗu makarantun gwamnati, na biyar ɗakin labarai na jarida. Kafin ka gama, ka ga yaron da ke aji yau yadda yake zama ɗan daban gobe, ka ga babban jami'i yana sauya alƙaluman laifi don ya faranta wa ɗan siyasa. David Simon da ya ƙirƙire shi tsohon ɗan jarida ne, ya shafe shekarar 1988 yana bin sashen binciken kisan kai na birnin, abokin aikinsa Ed Burns kuma ya yi aikin ɗan sanda ya kuma koyar a makaranta. Sun san abin da suke faɗa. Ka riƙe wannan, domin zan dawo kansa.

To ina raunin? An gina mai dogon zango ne don kada ya ƙare. Tashar Amurka ta gargajiya tana son kusan kashi 22 a shekara, kowanne wajen minti 42 da aka yayyanka don a saka talla, kuma kowace yanka sai an bar mai kallo a rataye. Muddin talla na shigowa, ba mai barin labari ya mutu. Prison Break ya zo a 2005 da tunani mai kyau ƙwarai: ƙani ya shiga kurkuku da gangan don ya fitar da yayansa. A ƙarshen zangon farko sun fita, labari ya cika. Amma da yake kasuwa ta buɗe, a zango na uku sai ga jarumin a wani kurkukun a Panama. Namu na YouTube ma cutar ɗaya ce, har ta fi tsanani: minti biyar na tuna baya, doguwar gaisuwa a falo, mota ta fita daga gida kyamara ta bi ta har kwana, sannan a yanke daidai lokacin da za a faɗi magana mai amfani. Kamar miyar da aka yi wa mutum biyar ce baƙi suka yi ta shigowa ana ƙara mata ruwa.

Rauni na biyu ya fi damuna, domin ya wuce gundura. Waɗannan shirye-shirye suna koya wa mutane yadda shari'a take, kuma sau da yawa karatun ƙarya ne. CSI da ya fara a 2000 ya sa duniya ta ɗauka cewa gashi ƙwaya ɗaya aka tsinta, kafin magariba kwamfuta ta fito da hoton mai laifi. Gwajin ƙwayar halitta na gaske kan ɗauki kwanaki ko makonni, a inda ma ake da ɗakin gwajin. Legas sai a 2017 ta buɗe nata. Idan matasanmu suka zo rubuta kotu, sai ka ga lauya yana kai da komo yana ihu kamar yana shawo kan mutum 12 masu taya alƙali yanke hukunci, alhali a Najeriya ba mu da wannan tsarin, alƙali ne ke saurare ya yanke. Mafi muni shi ne dukan wanda ake zargi. Shirin 24, wanda ya fara a 2001, ya yi ta nuna jarumi yana azabtar da mutum, nan take gaskiya ta fito, gari ya tsira. A ƙasar da mutane suka san abin da ke faruwa a bayan wasu caji ofis, wadda sai a 2017 ta kafa dokar hana azabtarwa, nuna wannan a matsayin jarumta ba ƙaramin abu ba ne. Sashe na 35 na tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40. Da wuya ka ga fim ɗinmu da ya san da zaman wannan sashe.

Yanzu ga ɗaya ɓangaren. Fim mai ƙaramin kuɗi ba shi da lokaci, ba shi da taurari, ba shi da motocin da zai farfasa. Ƙarfinsa daga wannan rashin yake fitowa, idan mai yin sa ya karɓi rashin bai ɓoye shi ba. Christopher Nolan ya yi fim ɗinsa na farko, Following, a 1998 da kusan dala 6,000, baƙi da fari, a Landan. Ranakun Asabar suke ɗauka domin kowa yana da aikin yi, kuma da yake fim ɗin ɗauka yana da tsada, sai da suka yi ta gwaji har kowace fitowa ta zauna kafin a kunna kyamara. Reservoir Dogs na 1992 labarin fashi ne da ba a nuna fashin ba ko kaɗan. Yawancinsa a cikin wani sito ne, ɓarayi na zargin juna, ɗaya na kwance cikin jini.

Wanda na fi so ku nema ku kalla tare shi ne The Guilty na ƙasar Denmak, na 2018. Ɗan sanda ne zaune a ɗakin amsa kiran gaggawa, wata mata ta kira tana magana kamar da ɗiyarta take, sai ya gane tana cikin mota ne tare da wanda ba ta iya magana a gabansa. Kyamara ba ta bar ofishin ba har aka gama. Ba ka ga motar ba, ba ka ga matar ba, sai murya da ƙarar hanya da shirun da ke biyo bayan yankewar layi. Mai kallo ne ke zana komai a ransa, kuma abin da ya zana shi ne ke yaudararsa, kamar yadda ya yaudari ɗan sandan. Mai dogon zango ba zai iya wannan ba, saboda mun san jaruminsa ba zai mutu ba, akwai mako mai zuwa. A fim guda kowa na iya mutuwa, kowa na iya zama mai laifin, har jarumin.

Sai dai raunin irin wannan fim ba ya yafiya. Na farko sauti. Mai kallo zai haƙura da hoto mai ɗan duhu, amma ba zai haƙura da maganar da ƙarar janareto ko iskar hunturu ta cinye ba, kuma fim ɗin fargaba rabinsa kunne ne. Na biyu ƙarshe. Da yawa sukan riƙe ka sa'a guda, sannan su rasa mafita, sai a ce ashe mafarki ne, ko ashe akwai ɗan tagwaye da ba a taɓa ambata ba. Idan kashi ɗaya na shiri ya lalace akwai na gaba da zai gyara. Nan kuwa minti goman ƙarshe ne ke yanke hukuncin duka aikin. Na uku kwaikwayon abin da ba a da kuɗinsa: bindigar roba, wutar harsashi da aka liƙa da kwamfuta, jinin da kowa ya ga ba jini ba ne. Da zarar an yi dariya a inda ake son a ji tsoro, an gama. Kuma gaskiya ne, mutanen cikinsa sukan zama marasa zurfi, domin ba a da sararin da za a bi su gida a ga iyalinsu.

Ta fuskar aljihu kuwa bambancin a fili yake. Mai dogon zango bashi ne da ka ɗauka daga masu kallo, kowane mako sai ka biya. Jarumarku za ta yi aure, wani zai koma makaranta, mai gidan da ya ba ku aro zai sake fenti, damina za ta sauka alhali kun fara ɗauka da rani. YouTube cike yake da shirye-shiryen da suka tsaya a tsakiya ba bayani. Fim guda kuwa za ku iya rubuta shi daidai da abin da ke hannunku, ku ɗauka, ku gama, ku sami abin nunawa. Matsalarsa ita ce tallata shi: ba shi da mako na biyu da zai tara jama'a a hankali, don haka sai kun tanadi wani abu na wannan tun farko.

Abin da ya sa na ƙara karkata gare shi shi ne garin da muke ciki. Jos ba baƙuwar kyamara ba ce. Nan ne hedikwatar Hukumar Fina-finai ta Najeriya da aka kafa a 1979, nan ne makarantarta ta koyon fim, ga kwalejin talabijin ta NTA. A nan aka yi shirin talabijin na Cock Crow at Dawn a farkon shekarun 1980, inda marigayi Sadiq Daba ya yi suna, shi ne kuma ya fito a matsayin Insfekta Danladi Waziri a October 1 na Kunle Afolayan a 2014. Akwai ɗalibai masu neman aikin da za su gwada hannunsu, musamman a sauti da haske. Wuraren ɗauka kuwa Allah ya ba mu kyauta: kududdufan da haƙar kuza ta bari wajen Rayfield da Bukuru, duwatsun Shere, hazon safiya, kangon babbar kasuwar Terminus da ta ƙone a 2002, lungunan Gangare da Dilimi da dare. Direban Keke Napep guda da fasinja guda da jakar da aka manta sun isa labari.

Amma Jos ɗin nan tana da tabo, ka fi ni sani. Waɗanda suka ga rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 suna raye, su ne masu kallonku. Fim mai ƙaramin kuɗi yana gaggawar nuna wa mai kallo wane ne mugu, kuma hanya mafi arha ita ce a ba shi suna ko shiga ko karin harshen wani ɓangare. Ina roƙonku kada ku bi wannan hanyar, ko ta wane gefe. Ku bar laifin ya fito daga bashi, ko gado, ko kishi, ko tsoron tonon asiri, abubuwan da kowane gida ya sani.

Na ce zan dawo kan masu The Wire. Abin da ya ɗaga su ba kuɗi ba ne kaɗai, sanin aiki ne, kuma wannan ba ya buƙatar jari. Kafin ku rubuta layi ɗaya, ku nemi ɗan sanda mai ritaya ku zauna da shi, ku tambaye shi yadda ake rubuta bayanin wanda ake zargi da yadda ake ba da beli. Ku je kotun majistare ku zauna a bencin baya ku ji yadda mai gabatar da ƙara ke magana. Idan labarin ya kammala, ku tara mutum biyar da ba abokanku ba, ku karanta musu shi da baki, ku lura da inda suka fara duba waya, ku yanke wurin. Idan kuma akwai kakin 'yan sanda ko wani abu mai kama da makami a cikin fim ɗin, ku kai takarda ofishin 'yan sandan yankin, ku sanar da mai unguwa tun kafin ranar ɗauka.