Taronmu a gindin Dala: abin da na gani da manhajar Geocaching

Wata biyar ke nan da na sauke manhajar Geocaching a wayata, kuma ranar Asabar da ta wuce na shirya taro na farko da ita a nan Kano. Ga wanda bai san wasan ba: mutum zai ɓoye 'yar roba mai murfi da takardar sa hannu a ciki, ya ɗora lambobin GPS na wurin a intanet, wasu su bi lambobin har su gano ta, su rubuta sunansu, su mayar da ita inda suka same ta. A Amurka aka faro shi. Ranar 2 ga Mayu 2000 gwamnatin ƙasar ta daina rage ingancin GPS ga farar hula, washegari wani mutum mai suna Dave Ulmer ya ajiye bokiti a daji kusa da Beavercreek a jihar Oregon, ya sanar da lambobin. Yau abubuwan da aka ɓoye sun haura miliyan 3 a duniya. Amma in ka buɗe taswirar ka dubo wajenmu, fayau take, kuma wannan ne ya dame ni har na ce bari in tara mutane.

Sanya taro a shafinsu kyauta ne. Ka rubuta rana, lokaci da lambobin wurin haɗuwa, sai ka tura wa mai tantancewa, wanda ɗan sa-kai ne. Dole ka tura aƙalla kwana 14 kafin ranar, taron kada ya gaza rabin awa, ƙofa a buɗe ga kowa, ba talla ba ciniki. Da farko na ga kwana 14 sun yi yawa, mu da muka saba a kira ka da safe a ce a haɗu bayan la'asar. Daga baya na gode wa Allah da wannan sharaɗi, domin a cikin kwanakin ne na yi aikin da ya fi komai muhimmanci, wato zuwa wajen mai unguwa.

Kowa ya san halin da ake ciki. Ka ga baƙon fuska yana zagaya lungu, idonsa a kan waya, yana leƙa bayan duwatsu, ya cusa wani abu ya wuce, me za ka zata? Don haka na ɗauki robar da zan yi gwaji da ita na kai masa, na buɗe a gabansa: takarda, fensir, da maɓallan riga guda uku. Ya juya ta, ya sake juyawa, ya ce, "Yaro, to wanda ya samu me zai ci?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ba ya cin komai, sunansa kawai zai rubuta." Ya yi shiru, sannan ya ce in dai a idon jama'a za a yi, kuma a kwashe kayan kafin azahar, ba laifi. Har ya haɗa ni da jikansa ya raka mu. Ƙa'idar wasan ma ta hana haƙa rami, ta kuma ce a nemi izinin mai wuri, sai dai a nan izinin ba na mutum ɗaya ba ne, na unguwa ne.

Mutum biyu kacal suka rubuta a manhajar cewa za su zo. Sauran tara ta WhatsApp na same su. Sai dai ɗaya daga cikin biyun nan wani Bajamushe ne da aiki ya kawo shi Kano, ya ga sanarwar a taswira, ya zo da kansa. Shi ya koya mana yadda ake tsayawa cik na ɗan lokaci har kibiyar da ke nuna hanya a manhajar ta daina rawa. Ba don manhajar ba, babu yadda za a yi hanyarmu ta haɗu da shi.

Inda muka sha wuya shi ne rubutun lambobin. Manhajar tana nuna su da digiri da minti, misali E 008° 30.400. Wani abokina ya kwafe su cikin taswirar wayarsa a matsayin 8.30400, bai san cewa minti 30 rabin digiri ne ba. Taswira ta nuna masa wuri fiye da kilomita 20 yamma da birni. Yana cikin adaidaita sahu ya kira ni yana tambaya ko an mayar da Dala ƙauye ne. Duk wanda zai shirya irin wannan taro, ya zauna ya nuna wa mutanensa bambancin tun kafin ranar, musamman da yake babu Hausa a cikin harsunan manhajar.

Wajen nuna hanya kuwa ba ta ba ni kunya ba. A kan dutsen, inda sama take a buɗe kana hango Goron Dutse ta cikin hazon hunturu, takan kai ka kusan taku biyar zuwa goma daga abin da kake nema. A cikin lungunan da ke ƙasa, inda katanga ta matse, kibiyar takan yi ta yawo, kuma wannan halin GPS ne a kowace waya. Manhajar tana cin caji, don haka a tafi da fawa banki. Ajiye taswira don amfani ba tare da data ba sai mai biyan kuɗi, mu dai hoton shafin muka ɗauka tun daga gida, ya kuma wadatar.

Jikan mai unguwa ne ya gano robar, ɗan shekara goma sha biyu da ba shi da waya. Mu muna kallon kibiya, shi yana kallon duwatsu, ya ga wanda ƙasar gefensa ta bambanta. Ya rubuta sunansa a layin farko da fensir, a hankali, harafi bayan harafi. Taro na gaba a Goron Dutse muke so mu yi, kuma ranar Laraba zan je gaida mai unguwar can.